Rayuwar 'yan tseren ski na dogon zango a zagayen Kofin Duniya

Tseren ski na dogon zango wasa ne na hunturu da ake yi a kan dusar ƙanƙara. Ɗan wasa yana ɗaura siraran alluna biyu masu santsi a ƙafafunsa, waɗanda ake kira ski, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya ratsa fili da tudu da gangare da ƙarfin jikinsa kaɗai. Ya bambanta da ski na gangaren dutse, inda na'ura ke ɗaukar ɗan wasa zuwa sama sannan ya gangaro. 'Yan Norwe suna kiransa langrenn. Babbar gasarsa ta shekara-shekara ita ce Kofin Duniya, wanda hukumar wasannin ski ta duniya, FIS, take shiryawa a hukumance tun kakar 1981–82.

Ba a gari ɗaya ake yin gasar ba. Kusan kowane ƙarshen mako sai an koma sabon wuri, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, kuma mafi yawan wuraren suna Turai. Saboda haka ɗan wasan da yake bin gasar daga farko zuwa ƙarshe yana shafe kimanin wata huɗu tsakanin otal da filin jirgi da motar tawaga. Idan aka haɗa dukan lokacin da yake cikin tsere a kaka guda, ba zai cika kwana ɗaya ba. Sauran lokacin yana tafiya ne a kan atisaye, gwada ski, hutu, cin abinci da gudun rashin lafiya. Nisan ɗan wasa daga gida da ƙarfin aljihun hukumar ƙasarsa su ne suka fi yanke yadda wannan rayuwa za ta kasance a gare shi.

Kalandar kaka

An saba buɗe kaka a Ruka, kusa da garin Kuusamo a arewacin Finlan, inda hasken rana a ƙarshen Nuwamba bai wuce kimanin awa huɗu ba, ana kuma yin wasu tseren da fitilun lantarki. Daga nan akan wuce Lillehammer ko Trondheim a Norwe, sannan Davos a Suwizalan kafin Kirsimeti. A watan Maris akan je Holmenkollen da ke Oslo, inda ake tseren kilomita 50, da Lahti a Finlan da Falun a Suwidin. A shekarun da ake Gasar Cin Kofin Zakarun Duniya ko Olamfik ta hunturu, akan dakatar da Kofin Duniya na 'yan makonni a watan Fabrairu.

Mafi wahalar zango shi ne Tour de Ski, wanda aka fara a kakar 2006–07. Jerin tsere ne shida zuwa tara da ake yi cikin abin da bai wuce kwana goma sha ɗaya ba, daidai lokacin shiga sabuwar shekara, kuma ana kammala shi da hawan gangaren Alpe Cermis a Val di Fiemme ta Italiya, gangaren da aka yi shi don masu saukowa ba masu hawa ba. A shekarun baya ana yin zangon a ƙasa biyu ko uku, don haka ranar da aka ce ta hutu ce takan ƙare a cikin mota a kan hanyoyin tsaunukan Alps. A kakar 2024–25 an taƙaita shi a wurare biyu na Italiya, Toblach da Val di Fiemme.

Nisan tsere ya kama daga gajeren tsere na kimanin kilomita ɗaya da rabi har zuwa kilomita 50. Tun kakar 2022–23 maza da mata suna gudun nisa ɗaya, kuma a Maris 2023 aka yi tseren kilomita 50 na mata na farko a Holmenkollen, wanda Ragnhild Gløersen Haga ta Norwe ta lashe.

Shirin kafin hunturu

Shekarar atisaye takan fara ne ranar 1 ga Mayu, bayan hutun watan Afrilu. Manyan 'yan wasa suna yin awa 750 zuwa kusan 1,000 na atisaye a shekara, kuma mafi yawansa a hankali ake yinsa, na tsawon awa biyu zuwa huɗu. Da yake babu dusar ƙanƙara a lokacin zafi, suna amfani da ski mai ƙananan tayoyi a kan kwalta, suna gudu a tsauni da sanduna, suna tuƙa keke, suna ɗaga ƙarfe.

Tafiye-tafiye tun a nan suke farawa. Tawagogi suna zuwa wuraren da dusa ba ta narkewa, kamar Sognefjellet a Norwe, Dachstein a Ostiriya da Val Senales a Italiya, ko kuma ramukan ski na cikin gini da ake sanyaya su, irin na Vuokatti a Finlan, Torsby a Suwidin da Oberhof a Jamus. 'Yan Arewacin Amurka sukan je Snow Farm a New Zealand, inda hunturu yake zuwa a watannin Yuli da Agusta. Akwai kuma sansanin kan tudu, a wurare kamar Livigno da Font-Romeu, inda ƙarancin iskar shaƙa yake sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Irin wannan sansani yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma wasu suna yin sa sau biyu ko uku kafin kaka ta fara.

Mako guda a kan hanya

Tsarin mako kusan ɗaya ne a ko'ina. Ranar Litinin ta tafiya ce. Talata da Laraba na atisaye mai sauƙi ne, da ɗan gudu mai ƙarfi sau ɗaya don kada jiki ya yi sanyi. Ranar Alhamis ko Juma'a ake buɗe filin tsere a hukumance, inda 'yan wasa suke haddace kowace kwana da kowane hawa, suna gwada ski tare da ma'aikatansu. Da yamma shugabannin tawagogi suna taro, a sanar da hasashen yanayi, a raba lambobin ƙirji. Tsere yakan kama daga Juma'a ko Asabar zuwa Lahadi.

A ranar gajeren tsere ɗan wasa yana iya fafatawa har sau huɗu. Da farko kowa yana gudu shi kaɗai da agogo, 30 na farko su wuce zagaye na gaba, inda ake tashi shida-shida har zuwa na ƙarshe. Wanda ya zo na 31 kuwa, ko da da ƙasa da daƙiƙa ɗaya aka tsere masa, aikinsa na ranar ya ƙare cikin kimanin minti uku, bayan tafiyar da ta ci masa kwanaki.

Yawancin 'yan wasa suna kwana biyu-biyu a ɗaki, kuma duk tawagogin sukan ci abinci a ɗakin cin abinci guda na otal ɗin da masu shirya gasa suka tanada. Abincin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa da yawa suke yawo da na'urar dafa gahawa da hatsin kumallo da man gyaɗa a cikin jaka. Wanki ma matsala ce ta kullum, domin kayan atisaye suna jiƙewa da gumi sau biyu a rana. Abin da 'yan kallo ba sa gani shi ne yawan zaman banza: bayan atisayen safe ana so ɗan wasa ya huta, don haka yawon buɗe ido kaɗan ne. Mutum yana iya zuwa gari guda shekara goma a jere bai san komai a cikinsa ba sai otal da filin tsere da kantin da ke kusa.

Ski da motar kaki

Ana yin tsere da salo biyu. A salon gargajiya, ski biyu suna tafiya a miƙe cikin layukan da aka tsaga a dusa, kuma ana shafa kaki mai kamawa a tsakiyar ski don ya riƙe ƙasa lokacin da ɗan wasa ya taka. A salon 'yanci, wanda Bill Koch na Amurka ya yayata a kakar da ya lashe Kofin Duniya a 1982, ana tura ski gefe da gefe, kakin santsi kaɗai ake buƙata. Kowane salo da nasa ski da takalma da tsawon sanda.

Dusar ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Akwai sabuwa mai kaifin ƙwaya, akwai tsohuwa da ta narke ta sake daskarewa, akwai jiƙaƙƙiya, akwai ta inji. Kowace tana son ski mai irin nata lanƙwasa da irin nata zanen da ake yi a ƙasan ski da dutsen niƙa. Saboda haka babban ɗan wasa yana yawo da ski gomomi, waɗanda kamfanoni irin su Fischer, Salomon, Rossignol, Madshus da Atomic suke ba shi. Da safiyar tsere ma'aikatan kaki suna fita tun kafin gari ya waye, suna gangara da ski biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa don ganin wanne ya fi gudu, har a rage zuwa guda. Wasunsu suna yin kilomitoci a ranar fiye da wanda suke yi wa aiki.

A nan ne bambancin arziki ya fi fitowa fili. Norwe da Suwidin da Finlan da Jamus suna da manyan tireloli da aka mayar ɗakin aiki, masu teburan guga da na'urar zuƙe hayaƙi da ma'ajiyar ɗaruruwan ski. Da zarar an gama tseren Lahadi direba yake kama hanya, wani lokaci har da tsallaka teku a jirgin ruwa, don ya riga 'yan wasa isa. Amurka ba ta samu irin wannan mota ba sai a 2017, da kuɗin da masu tallafi suka tara. Ƙananan tawagogi kuwa suna aiki ne a cikin kwantenar da masu gasa suka ba su, da ma'aikaci ɗaya ko biyu, ko su biya wata ƙasa ta shafa musu. Idan aka yi kuskuren kaki a salon gargajiya, ɗan wasa ko dai ya riƙa sulɓewa a hawa ko dusa ta manne masa a ƙasan ski, kuma ƙarfin huhu ba ya gyara wannan.

Tun kakar 2023–24 FIS ta hana kaki mai sinadarin fulorin, saboda illarsa ga muhalli da lafiyar masu shaƙar hayaƙinsa. Ana gwada ski da na'ura, kuma wanda aka samu da shi ana soke sakamakonsa. Tawagogi sun wanke ko sun sauya buroshi da kayan aikinsu gaba ɗaya don kada ragowar tsohon kaki ta jawo musu hukunci.

Sanyi da rashin lafiya

Dokar FIS ta ce idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos a wurin da ya fi sanyi a filin, a ɗage tseren ko a soke shi. Sau da yawa ma'auni yana tsayawa dab da wannan iyaka, a yi tseren a haka. A Olamfik ta Beijing a 2022 an rage tseren kilomita 50 na maza zuwa ƙasa da 30 saboda sanyi da iska. Shaƙar busasshiyar iska mai sanyi da ƙarfi na shekaru yana damun hanyoyin numfashi, shi ya sa asma ta yi yawa a tsakanin 'yan wannan wasa.

Amma abin da suka fi tsoro shi ne mura ta yau da kullum. Murar da ma'aikacin ofis zai je aiki da ita tana iya raba ɗan tsere da makonni biyu ko uku na kaka, domin yin tsere da ciwo a ƙirji yana iya jawo doguwar jinya. Tun kafin annobar korona, manyan tawagogi suna sa takunkumi a jirgi, suna guje wa musabaha, suna ware duk wanda ya fara tari zuwa ɗakinsa shi kaɗai ko su mayar da shi gida. Johannes Høsflot Klæbo na Norwe, wanda ya lashe zinare shida a Gasar Zakarun Duniya ta Trondheim a 2025, ya yi suna wajen killace kansa daga jama'a kafin manyan gasa. A Disamba 2020 Norwe da Suwidin da Finlan sun janye daga gasannin Davos da Dresden saboda korona, Norwe kuma ba ta shiga Tour de Ski na wannan kakar ba.

Abinci ma yana da nasa haɗari. Jessie Diggins ta Amurka ta kwanta da gubar abinci kwana guda da 'yan awoyi kafin tseren kilomita 30 na Beijing, ta kuma tashi ta samu azurfa. Diggins ɗin ce ta fito fili ta yi magana a kan wata matsalar da aka daɗe ana ɓoyewa a wasan, wato cutar ƙin cin abinci yadda ya kamata. Ta ba da labarin nata fama a littafinta Brave Enough na 2020, kuma a 2023 ta sanar cewa cutar ta dawo mata. Da yake rashin nauyi yana taimakawa a hawa, wasu matasa suna rage ci har jikinsu ya kasa. Hukumomin Norwe da Suwidin suna dakatar da ɗan wasan da bai cika sharuɗɗan lafiyarsu ba, komai ƙwarewarsa.

Nisa daga gida da kuɗi

Ɗan Norwe ko Suwidin yana iya gama tsere ranar Lahadi ya kwana a gidansa, ya zauna har Laraba. Yana iya tsallake wani mako ya yi atisaye a wurin da ya saba. Ɗan Amurka ko Kanada ko Ostireliya ba shi da wannan dama. Yawancinsu suna barin gida a tsakiyar Nuwamba ba sa komawa sai ƙarshen Maris, suna yin Kirsimeti a gidan haya a wani ƙauyen tsauni. Ban da kewa, akwai batun takardu: dokar yankin Schengen ta ba baƙo izinin zaman kwana 90 kacal cikin kowane kwana 180, alhali kaka ta fi haka tsawo, kuma Norwe da Suwizalan duka suna cikin yankin. Dole 'yan wasan waje su nemi biza ta dogon zama ko su lissafa kwanakinsu da kyau. Tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai 'yan wasanta ma sun shiga wannan lissafi.

Gasar takan je Arewacin Amurka jefi-jefi, yawanci Canmore ko birnin Quebec a Kanada. Wadda aka yi a Minneapolis a Fabrairu 2024 ita ce ta farko a ƙasar Amurka tun 2001, bayan korona ta sa an soke ta 2020. A can ne Gus Schumacher na Amurka ya lashe tseren kilomita 10, kuma a wannan makon Turawa ne suka sha doguwar tafiya da bambancin agogo.

Kuɗin kyauta kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwallon ƙafa ko tanis, kuma 'yan gaba-gaba ne kawai suke samu. Waɗanda suke saman jadawali suna shiga rukunin da ake kira Jan Rukuni, inda masu shirya gasa suke ɗaukar nauyin masaukinsu da wani ɓangare na kuɗin tafiya. Wanda ba ya ciki, hukumarsa ce za ta biya, idan kuma ba ta da hali, shi zai biya daga kulob ɗinsa ko masu tallafi ko iyaye. Gurbi ma ba tabbas ba ne: kowace ƙasa tana da adadin da aka yarda ta kawo, kuma mai horarwa yana iya mayar da mutum gida bayan mako biyu marasa kyau. A Norwe, inda gwanaye suka yi yawa, samun gurbin shiga tawaga yakan fi wuya fiye da samun maki a tseren kansa. Waɗanda aka ajiye suna komawa gasannin nahiya, irin su Kofin Sikandinebiya ko SuperTour ta Amurka, inda wanda yake kan gaba yake samun tikitin komawa Kofin Duniya. Wasu kuma suna sauya sheƙa zuwa Ski Classics, jerin dogayen tsere na ƙungiyoyi masu zaman kansu, wanda ya haɗa da Vasaloppet mai kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora.

Gwajin ƙwayoyi

Babban ɗan wasa dole ne ya riƙa sanar da hukumomin yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari inda zai kwana, ya kuma ware awa ɗaya kowace rana da za a same shi don gwaji. Kuskure uku cikin wata 12 laifi ne mai jawo dakatarwa. Ga mutumin da yake sauya otal kowane mako, jinkirin jirgi kaɗai yana nufin sai ya gyara bayanansa a waya.

Sayen magani a baƙon wuri ma abin tsoro ne. A 2016, a sansanin atisaye a Italiya, rana ta ƙona leɓen Therese Johaug ta Norwe, likitan tawaga ya sayo mata man shafawa a kantin magani, ashe yana ɗauke da haramtaccen sinadarin kulostebol. An dakatar da ita wata 18, ta rasa Olamfik ta 2018, sannan ta dawo ta lashe zinare uku a Beijing. Akwai kuma maguɗin ganganci: a Gasar Zakarun Duniya ta Seefeld a 2019 'yan sandan Ostiriya sun kama 'yan tsere biyar daga Ostiriya, Istoniya da Kazakistan kan ƙarin jini.

Iyali

An daɗe ana ɗaukar haihuwa a matsayin ƙarshen wasa ga mata. Marit Bjørgen ta Norwe ta haihu a Disamba 2015, ta dawo ta lashe zinare huɗu a Lahti a 2017, ta kuma yi ritaya da lambobin Olamfik 15. Kikkan Randall ta Alaska ta haihu a Afrilu 2016, ta bi zagayen kakar da ta biyo baya da jaririnta, danginta suna karɓa-karɓa wajen reno, sannan a 2018 ita da Diggins suka ci wa Amurka zinarenta na farko a wannan wasa a Olamfik. Tafiya da yaro tana ƙara kuɗin ɗaki da tikiti, kuma da yake yara ba sa rabuwa da mura, sau da yawa uwa takan sauka nesa da sauran tawaga.

'Yan ƙasashen da ba su da dusa

Ga 'yan ƙasashe masu zafi, ko atisaye sai an yi ƙaura. Philip Boit na Kenya, wanda asalinsa ɗan tseren gudu ne, ya koyi ski a Finlan da tallafin kamfanin Nike. A Olamfik ta Nagano a 1998 ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10, kimanin minti 20 bayan Bjørn Dæhlie na Norwe, wanda ya tsaya a bakin layi har ya iso ya rungume shi. Isaac Menyoli ya wakilci Kamaru a Salt Lake City a 2002, Mathilde-Amivi Petitjean ta wakilci Togo a 2014 da 2018. Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ne ya fara wakiltar Najeriya a wannan wasa a Olamfik, a Beijing a 2022.

Irin waɗannan 'yan wasa ba kasafai suke bin Kofin Duniya gaba ɗaya ba. Suna bin ƙananan gasanni ne da FIS ta amince da su don tara makin cancanta, galibi ba tare da likita ko ma'aikacin kaki ba, suna tuƙa motar haya da kansu, suna guge ski ɗinsu da dare. Pita Taufatofua na Tonga ya tara mafi yawan makinsa na shiga Olamfik ta 2018 a tseren ski mai tayoyi, sannan ya cike sauran a kan dusa a Iceland gab da rufe rajista.